Inuwa Mai Yatsu Uku

Kwana huɗu Tela ta yi tana ɗinka wa mijinta yatsu, kuma ba da allura ba. A kan tsohuwar kwamfutar 'yarta ta yi aikin, tsakanin wannan riga da waccan, keken ɗinki na gefe yana jiran ta, masu kaya suna leƙowa tana ce musu su dawo gobe. Ranar Juma'a ta kai hoton shagon wankin hotuna. Da aka miƙo mata shi ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce a ranta duk wanda ya gano inda ta yi facin nan, ta yarda ta ba shi keken kyauta.

Mijin kafinta ne. Wata takwas da suka wuce injin zarto ya tafi da yatsu biyu na hannunsa na hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Ciwo ya warke tuni, likita ma ya ce hannun zai yi aiki in an sa shi aiki. Amma tun ranar da aka kwance bandeji hannun ya shige aljihu, bai sake fitowa gaban mutane ba. Ko a gida, in yara sun shigo, sai ya tura shi ƙarƙashin riga. Mutumin da a da ba a gane maganarsa sai an kalli hannuwansa, yanzu ya koma zama a bakin ƙofa yana ƙirga motoci. Farkon watan nan kuma ya faɗi abin da take tsoro, ya ce ƙarshen wata zai mayar wa mai gini makullin shago. Shagon da ya yi shekara ashirin da shida a ciki.

Ta roƙa, ta yi faɗa, ta sa yayarsa ta yi masa magana. Ko a jikinsa.

Sai ga shi wata safiya ƙafar teburin da take yanka a kai ta karye. Ya yi ta gunaguni, amma ya saɓa teburin ya kai shagon, ita kuma ta bi shi da 'yar kyamararta ta hannu, wadda ta saya don ɗaukar rigunan da ta ɗinka har abin ya zame mata jaraba. Daga bakin ƙofa ta same shi. Ya ɗaga katako daidai idonsa, ya rufe ido ɗaya yana duba ko ya miƙe, hannun hagu a buɗe a ƙarƙashin katakon. Rana ta shigo ta taga, garin katako na yawo a cikin hasken, inuwarsa ta kwanta a bango. Ya manta da kansa gaba ɗaya. Ta danna sau ɗaya ta ɓoye kyamarar a bayanta.

Daga nan dabara ta zo mata. Ƙungiyarsu ta masu sha'awar ɗaukar hoto za ta yi baje koli a zauren ɗakin karatu ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, kwana uku kafin maganar makulli. Kowa hoto ɗaya. In ta rataye wannan, ta jawo shi ya tsaya gabansa, ya ga kansa cikakken kafinta kamar da, wataƙila zuciyarsa ta motsa. Shi ya sa ta ɗauko yatsu biyu daga hannunsa na dama a wani tsohon hoto, ta juya su, ta rage musu haske, ta manna.

Ƙungiyar na haɗuwa duk Asabar da yamma a ɗakin bayan shagon tabarau. Su tara ne, babu ƙwararre ko ɗaya. Mai shagon, wadda kowa ke kira Anti Tabarau, ita ce dodon wurin: mace ce 'yar siririya, ba ta ɗaga murya, amma in ta ɗauko gilashinta na ƙara girma sai ka ga manyan mutane suna gyara zama. Baba Hedimasta, wanda ya yi ritaya ya sayi kyamara don kada zaman gida ya kashe shi, shi ke riƙe agogo. Sai Direba, mai jan doguwar bas, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Saboda Direba ma aka kafa dokar murfi. Akwai wani tsohon murfin kyamara da ya tsage, wanda ake danƙa wa duk wanda hotonsa ke kan tebur, kuma muddin murfin na hannunka ba ka da bakin magana. Ba bayani, ba kare kai, ba "ai abin da nake nufi". Za a kalli hoton shiru na minti ɗaya cur, sannan kowa ya faɗi abin da ya riƙe shi, ya faɗi abin da ya tsone masa ido. Sai an zagayo ka ajiye murfi. Doka ta biyu ita ce ka kawo hoton yadda ya fito daga kyamara, ka ajiye kusa da wanda ka gyara.

Ranar Asabar ɗin da Tela ta kai hotonta, Direba ne ya fara. Hoton faɗuwar rana ne a tasha, ya danna masa kala har ta wuce misali: ja, shuɗi, ruwan goro, har da wani kore da babu wanda ya taɓa gani a sama.

"Yaya Direba," in ji Tela da aka zo kanta, "wannan sararin sama ne ko atamfa? Ka ba ni yadi shida, wallahi kafin gobe na sayar."

Ɗakin ya fashe da dariya. Direba ya cije leɓe, yana jujjuya murfin kamar zai haɗiye shi.

"Amma ku dubi nan," ta ci gaba, ta ɗora yatsa a lungun hoton. "Tsohon nan da ke wanke gilashin mota, ya miƙe a kan taya, ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa. Shi ne hotonka. Ka mayar da saman yadda ka same shi, ka yanke rabinsa, ka bar mana tsohon."

Anti Tabarau ta gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinta kamar tafi ne. Tela ta ji kanta ya ƙara girma. Da wannan girman kan ta zaro nata hoton daga ambulan ta shimfiɗa a tebur.

"Ina na asalin?" Baba Hedimasta ya tambaya.

"Na manta shi a gida, Baba."

Anti ta kalle ta ta saman tabarau. Aka ba Tela murfi, agogo ya fara.

Yabo ya yi ta zuba. Wannan ya ce hasken, waccan ta ce garin katakon da ke yawo, Baba Hedimasta ya ce har ƙanshin shagon yake ji. Direba ya buɗe baki, ya kalli hannun da ke hoton, ya kalli Tela, ya rufe bakin. Shi ya san Kafinta, don shi ya yi masa bencin ƙofar gida. Ya ce kawai bokitin jan nan da ke gefe yana jan ido, ya sunkuyar da kai.

Sai Anti ta ɗauko gilashinta. Ta daɗe a kan hannun, ta bi shi yatsa bayan yatsa. Sannan gilashin ya zame gefe, ya hau bangon da ke bayan Kafinta, ya tsaya cak.

"Abin da ya riƙe ni shi ne ɗinkin," ta ce a hankali. "Na neme shi ban ga bakin zare ba. Aiki ne na gwanaye. Abin da ya tsone min ido kuma, na ga mutum mai yatsu biyar, inuwarsa tana da uku."

Kawuna takwas suka sunkuya a kan tebur. Ga ta nan ƙiri-ƙiri a bango, baƙa wuluk, yatsu uku a buɗe ƙarƙashin inuwar katako. Kwana huɗu Tela na kallon hoton nan, ta ƙara girmansa har tana ganin ƙofofin gashi, amma ko sau ɗaya idonta bai je bangon ba. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa. Ga murfi a hannu, ba damar magana. Ta matse shi har bakin tsagar ya shiga tafinta.

"Ni dai," Anti ta ƙarasa, "mutumin da ke cikin inuwar nan nake son gani."

Da aka zagayo, Tela ba ajiye murfin ta yi ba, wurgi ta yi da shi a kan tebur.

"Anti, kin san abin da ake ciki a gidana? Kin san wata takwas rabon da in ga hannun nan a waje? Kin san ƙarshen watan nan zai rufe shago? Ke kina zaune da gilashi kina ƙirga yatsu, ni mijina nake nema! In ya ga kansa yadda yake a da, ƙila ya tuna ko shi waye. Shi ke nan laifina."

Anti ta mayar da gilashin cikin gidansa, ta rufe.

"Ban ce kin yi laifi ba, ƙanwata. Abin da na gani na faɗa, don shi kika zo nema. Amma tunda kin ajiye murfi, bari in ƙara ɗaya. Inuwar nan rabin yini za ki gyara ta, na sani. In kin gyara kika rataye, ya zo ya tsaya, ba kansa zai gani ba. Zai ga cewa matarsa ma ta kasa kallon hannunsa."

Tela ta suri hotonta ta fice, ko sallama ba ta yi ba. Har ta isa titi tana jin zuciyarta na tafasa, tana rantsuwa ita da ɗakin nan har abada. Matar da ba ta taɓa ɗaukar hoton mutum ba, sai matakala da taga da kujeru, ita ce za ta koya mata mijinta?

Washegari da hantsi ta buɗe kwamfutar, ta jawo inuwar, ta fara zana mata yatsa na huɗu. Hoton da aka wanke yana kan keken ɗinki, ta manta ba ta mayar da shi ambulan ba. Ba ta ji shigowarsa ba sai da ya yi magana a bayanta.

"Hannun wa ne wannan?"

Ta juyo. Kafinta na riƙe da hoton da hannun dama, na hagun yana inda ya saba.

"Naka ne, maigida."

Ya kai shi kusa da fuska, ya nesanta shi. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da sauti.

"Kai, kin yi ƙoƙari. Da likitan nan ya iya irin aikinki, ai da mun huta." Ya ajiye hoton a hankali, kamar na wani ne. "Ashe ke ma yana ba ki kunya."

Maganar ta soke ta fiye da ta Anti, don ita ce maganar Anti sak, kuma daga bakin da ba ta so ta ji ta. Ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"Ni? Ni yake ba kunya? Wa ya wanke shi safe da yamma wata biyu? Wa ya shafa masa magani lokacin da kai kanka kake kau da kai? Kai ne ka binne shi a aljihu, har na fara zaton in ba na mayar maka da yatsun ba, ba za ka taɓa kallonsa ba. Wauta na yi, na yarda. Amma kada ka sake ce min kunya."

Hawaye na zuba, ta rufe aikin ba ta adana ba, ta buɗe hoton na asali ta juya masa kwamfutar.

"Ga shi yadda na same ka. Wannan ne mutumin da ya gyara min tebur."

Ya daɗe yana kallo. Ta jira ya ce wani abu da za ta riƙe, ko na daɗi ko na zafi.

"Katakon nan a karkace yake," ya ce a ƙarshe. "Shi ya sa na rufe ido."

"Shi zan rataye. In ka ce a'a, ba zan rataye ba."

"Hotonki ne," ya ce, ya fita bakin ƙofa wajen motocinsa.

Asabar ta gaba, ita da ta rantse, ita ta riga kowa zuwa. Ta sami Anti na goge gilasan kanti.

"Anti, na yi miki rashin kunya. Ki yi haƙuri."

"Murfin da kika jefar ya ƙara tsagewa," in ji Anti. "Shi za ki ba haƙuri."

Da aka hallara Tela ta shimfiɗa na asalin, ba gyara ko ɗigo, ta miƙa hannu da kanta ta ɗauki murfi. Minti ɗayan nan Baba Hedimasta ya bar shi ya zama biyu, bai lura ba. Daga nan aka shiga aiki. Direba ya ce har yanzu bokitin nan na nan, a yanke shi, kuma wallahi in aka taɓa garin katakon da ke yawo shi da Tela sun ɓata. Baba ya ce tagar ta ƙone da haske, a rage ta kaɗan don ido ya daina gudu can. Wata ta ce a ƙara wa hannun haske sosai a san shi ake nufi. Anti ta girgiza kai.

"Kada ki nuna mana shi. Ki bari ido ya bi katakon ya same shi da kansa. Ni da zan ƙara, da na cire kalar duka, ya koma baƙi da fari."

Tela ta ajiye murfin, wannan karon a hankali.

"Bokiti zai fita, taga za ta sauka, hannu ba zan taɓa ba. Amma kala tana nan, Anti. Katakon nan ja ne, kuma shi in ya kalli hoto katako yake fara gani. In na mayar da shi toka-toka zai ce ban san abin da na ɗauka ba."

Anti ta sake duba hoton. "Kin fi ni gaskiya," ta ce. Direba ya dafe ƙirji ya roƙi Baba Hedimasta ya rubuta ranar da lokacin, don jikoki.

Ranar ma an zo kan hoton Anti, matakala ce mai lanƙwasa, kowane layi a wurinsa. Tela ta yi tunanin ramuwa, ta haɗiye. Ta ce hasken da ke kan ƙarfen riƙewa ya riƙe ta, amma matakalar tsaf take kamar kantin tabarau, kamar ba a taɓa hawanta ba. A na asalin akwai takalmin wani da aka bari a mataki na uku, Anti ta goge shi. Tela ta ce a mayar da takalmin. Anti ta riƙe murfi, kunnuwanta suka yi zafi, amma daga baya ta mayar da takalmin.

Saura kawo Kafinta, kuma Baba Hedimasta ne ya ɗauki wannan. Ya taɓa koyar da shi a aji huɗu. Ya taka har gida ya ce yana gayyatarsa ya ga hoton tsuntsayen da ya ɗauka, kuma ba ya son jin uzuri. Mutum mai shekara hamsin ya tsaya yana "to, Malam, in Allah ya yarda, Malam", kamar an kama shi bai yi aikin gida ba.

Ranar baje kolin zauren ya cika fiye da yadda suka zata. Hotuna tara a jere a bango ɗaya, kowanne cikin firem baƙi. Direba ne aka wakilta ya samo firem ɗin, ya kuma zo yana cika baki ya same su da araha a wajen wani abokinsa. Kafinta ya shigo a bayan Tela, hannu a aljihu, ya gaida malaminsa, ya yaba tsuntsaye, sannan ya ja baya ya jingina da ginshiƙi.

Daga nan yana ganin nasa. Mutane sun fi taruwa a wurin. Za ka ga mutum ya tsaya, idonsa ya bi katakon, ya isa hannun, sai ya yi shiru. Wani dattijo mai hular ƙarfe a hammata, da alama magini ne, ya ce wa na kusa da shi, "Dubi yadda ya tallafe shi. Wannan ya san aikinsa." Babu wanda ya juya ya gane mai hoton na tsaye a bayansu.

Tela kuwa ba hoton take kallo ba, fuskar mijinta take kallo, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Ya haɗe rai. Girarsa ta tattaru, bakinsa ya karkace irin yadda yake yi in abu ya ɓata masa. Ta ce a ranta shi ke nan, ta tona masa asiri a bainar jama'a, yau ko makullin ma ba zai jira Talata ba. Sai ta ga ya bar ginshiƙin ya nufi bango, yana ratsa mutane, har ya kusa manna hancinsa da gilashi.

"Wa ya haɗa wannan firem?"

Muryar ta cika zauren. Tela ta yi wata takwas ba ta ji wannan muryar ba.

Direba ya matso yana murmushi. "Ni na samo su, Oga. Da araha kuwa."

"Ai da gani." Kafinta ya kama gefen firem ɗin da dama, kusurwar ta motsa. Hannu ɗaya bai isa nuna abin da ke ci masa rai ba, sai na hagun ya fito da kansa. Yatsu biyu suka danne kusurwar, babban yatsa ya shiga tsakanin katakan biyu. "Dubi nan! Yatsana na shiga. Ƙusa ɗaya ya buga, ko gam bai sa ba. Katakon ma ɗanye ne, damina ɗaya zai murɗe ya fasa gilashin. Matar nan ta yi aikinta tsaf, kai ka zo ka zuba shi cikin akwatin tumatir?"

"Ai Oga, abin da ya faru shi ne..."

Anti Tabarau ta buɗe jakarta, ta zaro tsagaggen murfin, ta danƙa wa Direba a tafin hannu. 'Yan ƙungiya suka kwashe da dariya har Baba Hedimasta na riƙe bango. Kafinta bai san abin da ake wa dariya ba, bai kuma damu ba. Ya wuce na gaba, ya taɓa, ya yi tsaki. Ya wuce na tsuntsaye ya ce wannan ma ya fi muni. Hannun na sama yana nuni, yana aunawa, yana zana kusurwa a iska yadda ya kamata ta zauna. Da ya gama duba duka taran ya dawo kan na farko, ya ɗora hannun a jikin gilashi, daidai kusa da hannun da ke cikin hoton.

Maginin nan ne ya fara lura. Ya kalli gilashi, ya kalli mutumin.

"Af! Ashe kai ne!"

Idanu duka suka koma wuri ɗaya. Sai a lokacin Kafinta ya ga inda hannunsa yake. Tela ta zuba wa hannun ido. Ta ga yatsun sun ɗan lanƙwashe, ta ga gwiwar hannun ta fara ja baya wajen aljihu. Maginin ya matsa, ya sa hularsa a ƙasa, ya miƙa hannu biyu ya kama na hagun ya girgiza.

"Oga, shagonka a ina yake? Ina da ƙofofi."

Kafinta ya waiwaya ya nemi matarsa a cikin mutane.

"Tela, tef ɗinki na nan?"

Yaushe tef ya taɓa barin jakarta? Ta miƙa masa. Ya danne bakin tef ɗin da yatsu uku, ya ja da dama, ya auna tsawo ya auna faɗi.

"Guda tara. Ku ba ni sati biyu. Waɗannan kuma a mayar wa mai tumatir kayansa."

"Sati biyu?" in ji Baba Hedimasta, da fuskar wanda bai san komai ba. "Na ji kamar an ce Talata za ka miƙa makulli."

"In na miƙa, Malam, a ina zan yi firem ɗin? A kan gadona?"

Daɗi ya kama Tela har ta rasa inda za ta sa kanta. So take ta yi guɗa, so take ta yi kuka, so take ta rungume Anti Tabarau da gilashinta duka. Maimakon haka ta ɗaga kyamara ta danna, ta sake dannawa, idonta cike da ruwa har ba ta ganin abin da take ɗauka. Anti ta leƙo ta kafaɗarta ta kalli ɗan allon kyamarar.

"Ya karkace. Kin kuma yanke masa kai."

"Na gani, Anti," Tela ta ce tana dariya tana share fuska da gefen mayafi. "Ki kawo murfin ranar Asabar. Amma ƙirga min yatsun tukuna."

Anti ta gyara tabarau ta duba da kyau, kamar yadda take yi wa kowa.

"Uku," ta ce. "Duka a waje."